Sabon Kontar Ya Fi Tsohon Cin Kuɗi Ne?

Tambaya: Malam, an sa mini kontar na kuran irin na kati. Maƙwabta sun ce ya fi tsohon cin kuɗi. Firiza biyu gare ni na ƙanƙara. Gaskiya ne?
Mai sayar da ƙanƙara, Tawa

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Kilowat ɗin da tsohon yake ƙirgawa shi wannan ma yake ƙirgawa. Abin da ya sauya shi ne lokacin biya. Da, sai wata ya ƙare a kawo miki takardar kuɗi. Yanzu kin biya tukuna, a ba ki lambobi 20, ki danna, wuta ta shigo, kina kallon lissafi yana sauka. Wannan kallon ne ke tada hankalin mutane.

Wasu daga cikin sababbin har layin waya gare su, suna aika lissafi kamfani da kansu, kuma in an taɓa wayar wuta don sata, sai su tona. Shi ya sa kamfanonin wuta daga Najeriya har Kenya suke rububinsu.

Ke dai duba robar ƙofar firizarki. In ta saki, a zafin Afrilu na Tawa injin ba ya hutawa. Ki kashe guda ɗaya kwana biyu, ki gwada lissafin.