Abin da ake buƙata a karatun dokta na tattalin arziki: amsa ga ƙanenmu na Maraɗi

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka kammala mastar a fannin tattalin arziki, kana zaune a nan Maraɗi, kuma kana son sanin sharuɗɗan shiga karatun dokta da abin da mutum zai cika kafin a ba shi digirin. Na bi wannan hanya shekarun baya, don haka zan gaya maka abin da na gani.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ƙarfinta yana wajen aikin gona, kimiyya da kiwon lafiya, shi ya sa masu tattalin arziki suke nufar Yamai ko Tawa, ko su tsallaka iyaka. Kafin ka haɗa takardu, ka san cewa tsari biyu ne, namu da na Amurka, kuma ba su kama da juna. A tsarin LMD (lisans, mastar, dokta) da muke bi tare da Faransa, lisans shekara 3 ce, mastar shekara 2, dokta shekara 3. Ana son mastar ta bincike mai kyakkyawan sakamako, da daftarin abin da za ka bincika, da malami mai matsayin jagorantar kundi wanda ya yarda ya ɗauke ka, kuma wannan na ƙarshen shi ne ƙofar gaske, domin idan babu sa hannunsa, takardunka ba za su motsa ba. Kafin ranar kare kundi, malamai biyu za su karanta aikin su rubuta rahoto, kuma makarantu da yawa suna son ka riga ka buga maƙala a mujallar ilimi. Shekara ukun nan a takarda take. Ni dai sai da na shiga ta biyar.

A Amurka ba a neman ka zo da maudu'i a hannu, ba a ma wajabta mastar ba. Abin da suke dubawa shi ne takardar sakamakonka, da wasiƙun shaida uku daga malaman da suka san aikinka, da jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digiri, da ta Turanci irin su TOEFL, kuma yawanci ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu. Shekarar farko darasi ne zalla: mikro (tattalin arzikin mutane da kamfanoni), makro (na ƙasa baki ɗaya) da ekonometri (auna tattalin arziki da alƙaluma), sannan jarrabawa mai tsanani wadda wanda ya kasa cinta bayan an ba shi dama ta biyu, sai ya kama gabansa. A shekara ta biyu za ka zaɓi fannonin ƙwarewa, daga nan ka shiga bincike, kundin kuma galibi maƙala uku ne. Ana ɗaukar shekara 5 zuwa 6, amma manyan jami'o'in suna yafe kuɗin makaranta su kuma ba ɗalibi albashi, shi kuma ya taya malamai koyarwa ko bincike.

Duk hanyar da ka zaɓa, lissafi ne zai tankaɗe ka. Na shiga da taƙamar cewa ni ne na ɗaya a ajinmu, amma a makon farko malami ya cika allo da matris da hujjoji, na riƙa kwafa kamar mai zana rubutun da bai iya karantawa ba. Wata uku na yi ina komawa littattafan shekarar farko ta sashen lissafi, da dare, wani lokaci da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Saboda haka tun yanzu ka ƙarfafa aljabra, da kalkulas, da ilimin ƙididdiga, da irin lissafin da ake kafa hujja a cikinsa mataki mataki, ka kuma koyi Stata ko R, manhajojin nazarin alƙaluma. Turanci ma dole ne ko da a Faransa za ka yi karatun, domin kusan duk maƙalolin da za ka karanta da shi aka rubuta su.

Abu na biyu shi ne alƙaluma. Daftarina na farko a kan cinikin da ke tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano ne, kuma na ɗauka na kawo abin da ba a taɓa gani ba. Jagorana ya karanta shafi biyu ya ajiye, ya tambaye ni inda zan samo alƙaluman. Na je Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya, da takardar tambayoyi, ƴan kasuwa suka karɓe ni da shayi da fara'a, amma babu wanda ya faɗa mini buhu nawa yake tsallakawa da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Daga baya na koma kan farashin hatsi da SIMA, hukumar bayanan kasuwannin amfanin gona, take tattarawa a kasuwanni. Akwai kuma binciken rayuwar iyalai da aikin gona da INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta yi da taimakon Bankin Duniya a 2011 da 2014. Kada ka raina abin gida: Jenny Aker ta yi bincikenta na dokta a jami'ar Berkeley ta Amurka kan kasuwannin hatsin Nijar, kuma maƙalarta ta 2010 ta nuna cewa zuwan wayar salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Game da tallafi, ka nemi bayanin shirin PTCI, na karatun tattalin arziki mai zurfi tsakanin jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, da shirin dokta na haɗin gwiwa na AERC, ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka mai hedkwata a Nairobi. Jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato ma suna kusa, idan Turancinka ya zauna.

Ban san yadda nauyin gida yake a kanka ba, amma ka zauna da iyalinka ku yi lissafin shekarun nan tun kafin ka fara. Idan ba damuwa, ka turo mini takardar sakamakonka ta lisans da ta mastar, in duba darussan lissafin da ka yi, sai mu ga wace ƙofa ta fi dacewa ka fara ƙwanƙwasawa. Allah ya ba da sa'a.