Tambaya da Amsa: Kwashe Jerin Waƙoƙi Daga Wata Manhaja Zuwa Wata

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina sauraron waƙa a Spotify, na haɗa jeri goma sha biyu, waƙoƙin ciki sun haura 1,500. Yanzu ina so in koma Apple Music. Dole sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nema? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba sai kin sha wannan wahala ba. Amma kafin ki taɓa komai, ki san cewa ba waƙar kanta ake ɗauka a kai can ba, bayananta ake kwashewa. Manhajar da ke wannan aiki tana karanta jerinki, ta ɗauki sunan waƙa da na mawaƙi da na albam, da wata lambar shaida da ake kira ISRC, mai haruffa da alƙaluma 12, wadda ake ba kowace waƙa da aka naɗa. Daga nan sai ta shiga rumbun sabon wurin ta nemo wadda ta dace. In ta samu ta saka, in ba ta samu ba ta tsallake, ko ta kawo wadda ta fi kama da ita. Kusan duk matsalar da za ki gamu da ita daga nan take fitowa.

Tun 2025 Apple Music na da nata hanyar kwasowa, wadda ta yi da haɗin gwiwar SongShift, wata manhajar kwashe jerin waƙoƙi. A iPhone ki buɗe Settings, ki shiga Apps, sannan Music, za ki ga Transfer Music from Other Music Services. A Android kuma yana cikin saitin manhajar Apple Music ɗin. Sai rajistarki ta Apple Music tana aiki, kuma saitin Sync Library, mai daidaita waƙoƙinki a duk na'urorinki, na kunne. Ki zaɓi Spotify, ki ba da izini, ki zaɓi jerin da kike so. Waƙoƙin da ba a samu daidai da su ba za a ware miki su, kina da kwana 30 ki duba ki zaɓi madadinsu. Kada ki bari wa'adin ya wuce.

Idan wannan hanya ba ta fito a wayarki ba, akwai wasu manhajojin kwashe jeri, irin su TuneMyMusic da Soundiiz da FreeYourMusic. TuneMyMusic na kwashe waƙa 500 kyauta. Soundiiz a tsarinsa na kyauta jeri ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, kuma ba ya wuce waƙa 200 a kowane jeri. Ganin yawan waƙoƙinki, ya fi sauƙi ki biya na wata ɗaya, ki gama aikinki, ki soke kafin a sake cirar kuɗi.

Shawararmu ita ce ki fara fitar da kwafin dukkan jerin a fayil na CSV, wato fayil mai jera bayanai layi-layi kamar tebur, ki adana, ki kuma rubuta adadin waƙoƙin kowane jeri. Sannan ki yi gwaji da ƙaramin jeri guda, wanda ke da waƙoƙin da ba kowa ya san su ba, domin fitattun waƙoƙi ko'ina ana samunsu, ba za su nuna miki gaskiyar lamarin ba. Jerin da Spotify ke haɗa miki da kansa, irin su Discover Weekly, ba a cika iya kwashe shi kai tsaye ba. Ki buɗe sabon jeri na kanki, ki zuba waƙoƙin a ciki, shi za ki tura. Tarihin abin da kika saurara da ranakun da kika saka waƙoƙi ba za su biyo ki ba, don haka sabuwar manhajar za ta ɗan ɗauki lokaci kafin ta gane irin waƙoƙin da kike so.

Tsohon asusunki kuwa, ki bar shi yadda yake har ki gama tantancewa. Kwashewa ba ta goge komai a can, kuma ko kin daina biyan Spotify jerinki na nan a tsarin kyauta.

Tambaya: Na tura jeri mai waƙa 300 zuwa YouTube Music, 270 kacal suka iso. Cikinsu ma wasu ba su ba ne, an kawo mini na wurin casu ko wanda wani ya maimaita. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, da wuya a ce kuskuren naka ne. Talatin ɗin da suka ɓace, ko dai babu su a rumbun YouTube Music, ko kuma suna nan amma lasisinsu bai shafi ƙasar da asusunka yake ba. Kowace manhaja da yarjejeniyar da ta ƙulla da masu haƙƙin waƙa.

Waɗanda suka zo a sauye kuma, dalilin shi ne waƙa ɗaya kan fito a siga da yawa: ta asali, wadda aka sake tace sautinta, wadda aka rera gaban jama'a, da wadda aka cire kalaman batsa. Kowace da lambarta ta ISRC. Idan lambar ba ta yi daidai ba, sai a koma ga suna, to suna kuwa yana ruɗarwa. Bambancin rubutun sunan mawaƙi kaɗai ya isa ya jawo wata waƙar daban. YouTube ya fi saura wannan matsala saboda bidiyon da mutane ke ɗorawa da kansu sun cakuɗe da na kamfanoni.

Ka koma manhajar da ka yi aikin da ita, za ka tarar da sunayen waɗanda ba a samu ba, ka neme su da hannu. Domin gano na bogi, ka ajiye tsohon jerin kusa da sabon ka kwatanta tsawon kowace waƙa. Wadda take minti 3 da daƙiƙa 40 a can amma ta zama minti 6 a nan, ba ita ba ce. Masu manyan jeri su lura cewa na YouTube ba ya wuce 5,000, na Spotify kuma 10,000, sai a raba kafin a tura.

Tambaya: Waƙoƙin da na sauke a waya don sauraro ba intanet, za su bi ni? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ba za su bi ka ba. A kulle suke, manhajar da ta sauke su kaɗai ke iya buɗe su, kuma da zarar rajista ta ƙare sun daina aiki. Sai ka sake saukewa a sabon wurin, gara ka yi da Wi-Fi. Fayilolin MP3 naka na kanka da ka cusa cikin jeri su ma ba sa tafiya, da hannu za ka ɗora su.

Tambaya: Ina tsoron a sace mini asusu idan na haɗa shi da waɗannan manhajoji. Daga wata mai karatu.

Amsa: Tsoronki na kan hanya, 'yar'uwa. Manhaja ta ƙwarai za ta tura ki shafin Spotify ko Google ko Apple ne, a can za ki shiga, ita kuma izini kawai ake ba ta, ba ta ganin kalmar sirrinki. Ki dubi adireshin shafin da kyau kafin ki rubuta komai. Duk wadda ta ce ki rubuta kalmar sirrin Spotify a cikin nata shafin, ki rufe ta nan take.

Izinin da kika bayar ya haɗa da karanta jerinki da yi masa gyara, kuma yana nan har sai kin janye shi. In kin gama, ki shiga shafin asusunki na Spotify, sashen Manage apps, ki cire ta. A Google kuma ki duba sashen tsaro, wurin da aka jera manhajojin waje da ke haɗe da asusun, ki cire ta a can ma.