Tambaya da Amsa: Shin Cutar Annoba Tana Rage Ƙarfi Daga Zagaye Zuwa Zagaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mahaifina ya haura shekara 70, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma sau biyu yana kamuwa da korona. A karon farko sai da aka sa masa iskar oksijin, a karo na biyu kuwa bai wuce murar kwana huɗu ba. Yanzu ya ƙi yarda a yi masa ƙarin allurar rigakafi, yana cewa ya ji an ce irin waɗannan cututtuka ƙarfinsu raguwa yake yi da kowane zagaye har su koma mura. Hankalina ya ƙi kwanciya, ga shi ni kaina na ga zagayen da suka biyo baya sun fi na farko sauƙi, don haka na rasa hujjar da zan ba shi. Gaskiya ne haka abin yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da kika gani a wurin aikinki gaskiya ne, amma dalilin da aka gaya wa Baba kuskure ne, kuma kuskure ne mai kai mutum kabari.

Tsananin da ake gani a kowane zagaye haɗuwar abubuwa ne da dama, ita ƙwayar cutar ɗaya ce kawai daga cikinsu. Akwai garkuwar jikin jama'a, wadda take ƙaruwa ta hanyar rigakafi da kamuwar baya. Akwai waɗanda cutar ta riska, domin zagayen da ya ratsa ɗalibai ba zai yi ɓarnar wanda ya shiga cikin tsofaffi ba. Akwai ƙwarewar da asibitoci suke samu: a watan Yunin 2020 binciken RECOVERY na Birtaniya ya nuna cewa maganin dexamethasone, mai rage kumburi a jiki, yana rage mutuwar masu korona da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kusan kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke shaƙar oksijin kawai. Sannan akwai lissafin kansa, wanda kin san yadda yake ruɗarwa. A farkon 2020 masu jin jiki sosai kaɗai ake yi wa gwaji, shi ya sa adadin mace-mace cikin waɗanda aka tabbatar ya yi sama, da gwaji ya yawaita sai ya sauko ko da cutar ba ta sauya hali ba.

Bari in tsaya a kan maganar da Baba ya ji, domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin majinyata, wani lokaci har daga bakin ma'aikatan lafiya waɗanda ya kamata su fi kowa sani. Ana cewa ƙwayar cuta ba ta son kashe wanda take jikinsa, don haka dole ta yi laushi a hankali domin ta ci gaba da yaɗuwa. Maganar tana da daɗin ji, amma ta manta da lokacin da yaɗuwar take faruwa. Mai korona ya fi yaɗa ta a kwanakin da alamu suke gab da bayyana da kuma 'yan kwanakin farko, lokacin da yake yawo cikin mutane yana magana yana tari. Sarƙewar numfashi tana zuwa ne a mako na biyu, mutuwa kuma sau da yawa bayan mako biyu ko uku. Kafin mutum ya kai gargara, ƙwayar ta daɗe da tsallakawa jikin wasu, saboda haka rayuwarsa ko mutuwarsa ba ta ƙara mata komai ba ta rage mata komai. Nau'in da yake yin nasara shi ne wanda ya fi saurin yaɗuwa ko ya fi iya zille wa garkuwar jiki, tsananinsa kuwa yana iya hawa, yana iya sauka, yana iya tsayawa inda yake.

Tarihi ma bai goyi bayan masu wannan magana ba. Annobar mura ta 1918 ta fara da zagaye mai sauƙi a watannin farko na shekarar, sai zagaye na biyu ya ɓulla a ƙarshen Agusta a tashoshin jiragen ruwa na Birest a Faransa da Firitawun a Saliyo da Boston a Amurka, shi ne kuma ya yi mafi yawan kisan da aka ƙiyasta ya kai mutum miliyan 50, da yawansu majiya ƙarfi masu shekara 20 zuwa 40. A zamaninmu, nau'in korona mai suna Alfa da aka gano a Ingila a ƙarshen 2020 ya fi na asali tsanani, Delta kuma ya fi Alfa kwantar da mutane a asibiti. A farkon Mayun 2021 Indiya tana tabbatar da kamuwar mutum sama da 400,000 a rana guda, asibitoci suna ƙarewa da oksijin, alhali watanni uku kafin nan mutane da yawa sun ɗauka annobar ta wuce. Agana ta shafe ɗaruruwan shekaru tana kashe kusan mutum uku cikin goma na waɗanda ta kama, ba ta yi laushi ba har sai da rigakafi ya kawar da ita, aka tabbatar da hakan a 1980.

Nau'in Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta sanar da shi a Nuwamban 2021, shi ne hujjar da aka fi kafawa. Gaskiya ne ya fi hayayyafa a hanci da maƙogwaro fiye da cikin huhu, kuma bai kai Delta tsanani ba. Sai dai bai fito daga tsatson Delta ba, reshe ne dabam, don haka ba Delta ne ya huce ya zama Omikron ba. Kuma ya tarar da duniya mafi yawan mutane sun yi rigakafi ko sun taɓa kamuwa. Inda ya sami tsofaffi ba kariya, ya nuna halinsa: a Hong Kong, a farkon 2022, ya haddasa mace-macen da suka kasance cikin mafi yawa a duniya idan aka kwatanta da yawan jama'a, akasarinsu tsofaffin da ba su kammala rigakafi ba. Ko da kowane mutum ɗaya haɗarinsa ya ragu da rabi, idan masu kamuwa suka ninka sau biyar, gadajen asibiti cika za su yi.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne yadda likitocin bogi da masu tura saƙon murya a WhatsApp suke cin kasuwa da wannan jita-jita. Su ce wa mutum cutar ta zama mura, sannan su ɗora shi a kan maganin kashe bakteriya wanda ba ya taɓa bairos irin ƙwayar korona, su haɗa masa da dexamethasone tun ranar farko don sun ji an ce yana ceton rai. Shi dexamethasone ɗin, ga wanda bai buƙaci oksijin ba babu amfanin da yake yi, yana danne garkuwar jiki, kuma ga mai ciwon suga yana harba sugan sama. A Indiya a 2021 shan irinsa barkatai ga masu ciwon suga yana cikin abubuwan da suka janyo ɓarkewar cutar funfuna mai cin hanci da ido. Na sha karɓar dattijo da aka kawo a rana ta tara ko ta goma, yana zaune yana amsa gaisuwa, yana cewa gajiya ce kawai, in maƙala masa na'ura a yatsa in ga oksijin ɗin jininsa ya faɗi ƙasa da kashi 85 cikin ɗari, 'ya'yansa kuma riƙe da leda cike da ƙwayoyin da aka haɗa masa. Idan na tambayi abin da ya hana su zuwa da wuri, amsar ɗaya ce: an ce musu ta yanzu ba ta da ƙarfi.

Game da Baba, mafi rinjayen bayani shi ne kamuwarsa ta biyu ta zo da sauƙi saboda jikinsa ya riga ya san cutar, ga rigakafin da ya yi. Wannan kariya tana raguwa bayan watanni, ta fi saurin raguwa ga masu shekaru irin nasa, ƙwayar kuma tana ci gaba da sauya kama. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, ko bayan da ta ɗage matakin ta-ɓaci kan korona a ranar 5 ga Mayun 2023, ta ci gaba da ba da shawarar ƙarin allura ga tsofaffi da masu cututtuka irin su suga. Ki zaunar da shi cikin ladabi ki nuna masa cewa jikinsa ne ya sami horo, kuma horon yana son sabuntawa. Ki yi magana da likitansa a kan lokacin da ya dace ya karɓi ƙarin, tare da rigakafin murar shekara-shekara idan ana samunsa.

Idan kuma ya sake kamuwa, a yi gwaji da wuri, domin magungunan bairos irin su Paxlovid a kwana biyar na farko suke aiki, kuma sai likita ya duba ko sun dace da sauran magungunansa. Ki riƙa auna oksijin ɗinsa da sugansa safe da yamma. Ki tuna na'urar yatsa takan nuna adadi sama da na gaskiya ga masu duhun fata, saboda haka idan ta nuna 92 ko ƙasa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya fara ruɗewa, ki kai shi asibiti a wannan sa'ar ko da yana ce miki lafiyarsa ƙalau.