Tsirkiyar bayolin ɗina ta tsinke, na kwance sauran, yanzu wani abu na yawo a cikinsa

Tambaya: Malam ina Gusau, wata biyar ke nan ina koyon bayolin, gogen Turawa. Da sanyin nan siririyar tsirkiyar ta tsinke, sai na kwance duka huɗun in sa sabbi, jakin da tsirkiyoyin ke hawa kansa ya faɗi kuma ina jin wani abu na ƙwal-ƙwal a ciki. Mi zan yi? Kuma wane kiɗa ya kamata in fara koya?

Amsa: Ƙanena, don Allah kar ka ɗaure ko tsirkiya ɗaya tukuna. Abin da kake ji ɗan guntun itace ne mai kaurin fensir da ke tsaye a cikin bayolin ɗin, kusa da ƙafar jaki ta ɓangaren siririyar tsirkiyar da ake kira E, ba a manna shi da gam ba, nauyin tsirkiyoyi ne kawai ke danne shi, shi ya sa da ka kwance duka ya zube. In ka ja tsirkiya ba shi a wurin to fuskar katakon na iya lotsawa ko ta tsage, wallahi abin na min ciwo in na ga haka. Sai mai gyara ya tayar da shi da ƙarfe ta ramin nan mai kamar f. In ba ka samu kusa ba ka nemi malaman makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas su haɗa ka da wani.

Nan gaba ɗaya bayan ɗaya ake canzawa. Ka cire tsohuwa, ka goga bakin fensir a 'yar tsagar da take kwanciya a kan jaki da can sama wajen wuya don ta riƙa zamewa, ka zura sabuwa a ramin maɗaurin ka murɗa a hankali, naɗin ya jeru kar ya hau juna. Sunayen tsirkiyoyin G, D, A, E, ana saita sautin A ɗin kan lamba 440, manhajar waya mai auna sauti ta isa ta nuna maka. Kana ja kana leƙen jakin ta gefe, don yana son karkata gaba, ka sa yatsu biyu ka miƙar da shi. Sabuwar tsirkiya tana saki kwana biyu uku, ba lalacewa ta yi ba. E kuwa ita ce siririyar ƙarfe, ka ajiye biyu a akwati kullum.

Iskar hunturunmu ma tana busar da katako, maɗauran su yi ta sulɓewa. Ka huda ƙaramin gwangwani ka sa soso mai ɗan laima ka ajiye cikin akwatin, ruwa dai kar ya taɓa jikinsa, kuma kar ka bar shi a mota da zafin bazara. In ka gama kiɗa ka share garin ƙaron da ake goga wa izga da busasshen ƙyalle.

Batun kiɗa, ni a ganina ka fara da abin da kunnenka ya riga ya sani. Yawancin waƙoƙinmu sauti biyar ne, D, E, F#, A, B, duk suna kan tsirkiya biyu na tsakiya, kuma in yatsa ya kauce kai da kanka za ka ji. Ka je ka zauna kusa da mai kukuma ko goge ka kalli yadda hannunsa na dama ke jan izga. Don karatun rubutaccen kiɗa kuma darussa 60 na littafin Wohlfahrt sun wadatar da kai shekara guda har fiye. Minti ashirin kullum bayan la'asar ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai, biyar ɗin farko ka ja tsirkiya zalla ba yatsa, a gaban madubi, kana duba izgar ta miƙe tsakanin jaki da baƙin allon da ake danna tsirkiya a kai.