Takardar haɗari da ramin famfon ruwan ƙazanta

Ka ce injiniya ya miƙa maka takardar kimanta haɗari ka cika kafin a taɓa ramin famfon, kana tambaya ko dai ka kwafi ta wancan aikin ka sauya kwanan wata kawai. Haba yaro! Halinku ke nan 'yan yanzu, komai sai an turo muku a waya kun kwafa. Ka ajiye biron tukuna ka saurara.

Abu na farko da ke kisa a ramin nan iska ce, ba wuta ba. Ƙazanta idan ta kwana ba motsi tana fitar da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ake rubutawa H2S a jikin mita. H2S ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasan rami take kwanciya. Makircinta shi ne idan ta kai wajen 100 a ma'aunin ppm, wato kashi 100 cikin miliyan na iska, sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya ce ai warin ya tafi, alhali lokacin ne ta fi yawa. Idan ta haura 700, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. A zafin Afrilu na Kano ta fi tashi, kuma duk ramin da ke karɓar ruwan masana'antun jima irin na Challawa, Sharaɗa ko Bompai, ka ninka tsoronka, don da sinadarin salfaid suke cire gashin fata.

Saboda haka mita mai auna gas huɗu za ka ɗaura a igiya ka zura: bakin rami, tsakiya, sannan dab da ruwa, kana dakatawa a kowane mataki har lambar ta tsaya. Oksijin na lafiya 20.9 ne cikin ɗari. Ya sauka ƙasa da 19.5, ba mai shiga. H2S ta kai 10, ba mai shiga. Gas mai kama wuta ta kai kashi 10 na matakin fashewa, a kashe sigari a ja baya. Na huɗun hayaƙin janareta ne, kuma yawanci mu ne ke jawo wa kanmu shi, a girke janareta a bakin rami bulowa, wato fankar da ke tura iska cikin rami, tana zuƙar hayaƙin tana turawa ciki. Kada kuma awon safe ya ruɗe ka. Da zarar ƙafa ta dama laka a ƙasa, gas ɗin da ke ɓoye cikinta zai taso, don haka mitar na jikin wanda ya shiga har ya fito.

Tambayarka ta tuna min da wani rukunin gidaje da aka yi wa rami mai faɗin mita 2. A zane sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, biyu ne masu kilowat 7.5, ɗaya na aiki ɗaya na jiran gado, da na'urar da ke yanke wuta idan layi ɗaya cikin uku ya ɗauke, da fulot na uku mai kunna jiniya (fulot shi ne makunnin da ke yawo a kan ruwa, yana kunnawa idan ruwa ya taso). Ɗan kwangilar ya ce almubazzaranci ne. Ya soke sumo na biyu, ya soke na'urar, ya soke kwandon tace shara, ya ce in an shiga gidajen za a ƙara. An rubuta masa gargaɗi a takarda, ya ƙi sa hannu. Aka shiga gidajen, ba a ƙara ko ƙusa ɗaya ba.

Ran nan cikin Agusta aka kwana ana ruwa. Ashe an haɗa bututun ruwan rufi da na bayan gida a ɓoye. Ledar fiya wata da tsumma suka naɗe farfelar sumon, layi ɗaya na wuta ya ɗauke, injin ya ci gaba da gurnani a kan layi biyu har koyil ya ƙone. Ƙazanta ta dawo ta banɗakunan gidajen da ke kwari. Maimakon ya kira masu aikin, sai ya samo lebura daga bakin titi, ya ɗaura masa hankici a hanci ya ce ya sauka ya ciro sumon, domin sandar da ake zamo da famfo sama ita ma ya soke ta. Yaron bai kai ƙasan tsani ba ya sulale. Abokinsa ya yunƙura zai bi shi, maigadi ya riƙe masa riga, Allah Ya saka wa dattijon nan. Da igiyar da ke ƙugun yaron aka jawo shi, ya kwana biyu a asibiti, ya sha da ƙyar. Ka san abin da mutumin nan ya gaya wa masu gidajen? Wai masu haɗa fanel ɗin wuta ne ba su iya aiki ba. Ya riƙe cikon kuɗin aiki, ya cire kuɗin naɗin koyil a ciki, har yau ko sisi. Allah Ya isa. Da ya sa hannu a takardar gargaɗin nan, da bakinsa bai buɗu ba.

To ga lissafin da ya ƙi saurara, kai ka sa shi a taka takardar. Rami mai faɗin mita 2, kowace mita ɗaya ta zurfi tana ɗaukar lita 3,140. Idan lita 5 ke shigowa a daƙiƙa, minti 10 da ɗoriya ke cika mita guda. Tsakanin fulot na jiniya da inda ruwa zai tumbatsa mita biyu ne? Minti 21 ke gare ka. Ka tambayi kanka ko cikin minti 21 za ka iya tasowa daga Kurna ka ratsa cunkoson Ƙofar Ruwa ka iso. In ba za ka iya ba, sumo na biyu da janareta mai tashi da kansa sun zama dole.

Cika gidajen takardar ba wuya. Kowane haɗari ka ba shi maki 1 zuwa 5 na yiwuwar faruwa, 1 zuwa 5 na munin abin, ka ninka. Shiga rami ba awo 25 ne cif, kada wani ya lallaɓa ka ka rage. Kusa da shi ka rubuta maganinsa da sunan wanda zai yi, sannan ka sake ba da maki. Maganin da ya fi kowanne shi ne kada a shiga sam, a jawo sumon da sarƙa daga sama. In shiga ta kama: bulowa na aiki tun kafin a sauka har a fito, ɗamarar jiki, ƙarfe mai ƙafa uku da winci, da mutum a baki wanda aikinsa kallo kawai, ba ya sauka ko da ƙaninsa ne ya faɗi. Takunkumin ƙura ba ya tare gas, kada ma ka rubuta shi.

Wuta ba sai na koya maka kashe bireka ba. Amma ka sa kwaɗo, makulli a aljihunka, domin fulot na iya tayar da sumo da kansa hannunka na cikin farfela. Ka rufe bawul na fita kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, bawul mai hana ruwa komawa yakan maƙale da tsumma, ruwan bututun gaba ɗaya ya dawo maka a fuska. Kafin ka mayar da sumo ka gwada shi da mega, na'urar gwada yoyon wuta, a kan bolt 500. Ƙasa da megaom 1, ruwa ya shiga, kada ka kunna. Tsanin cikin rami kuwa ban yarda da shi ba, gas ɗin nan na zama asid ya cinye ƙarfe da siminti, sai ka taka matakin ya zube.

Allurar tetanus ɗinka ta yaushe ce? Ka duba. Ka sa mitar a caji yau da daddare, gobe bayan Azahar ka kawo min takardar in gani kafin ka kai wa injiniya.