Tambaya da Amsa: Daƙiƙa nawa na'ura za ta ba mu kafin ƙasa ta girgiza?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji an ce a Japan waya kan yi ƙara kafin girgizar ƙasa ta iso. Ashe an kai ga sanin ranar da za a yi ta ke nan? Mu a Zariya muna da irin wannan? Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a kai ba. Har yau babu masanin da zai faɗi rana ko sa'ar da ƙasa za ta motsa. Abin da na'urar gargaɗin ke yi tsere ne da girgizar da ta riga ta fara. Idan dutse ya tsage can ƙarƙashin ƙasa, motsi iri biyu ke fita. Na farko, wanda ake kira P, yana cin kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, kuma bai cika ɓarna ba, kamar a buga ƙyaure ne sau ɗaya. Na biyu, S, kilomita uku da rabi yake ci, shi ne mai kaɗa gini. Saƙon lantarki kuwa kafin ƙiftawar ido ya kai. To idan na'ura ta ji P ta aika saƙo, saƙon zai riga S isa garin da ke nesa.

Mu ɗauki Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba, inda ƙasa ta motsa a Satumban 2016. Daga can zuwa Zariya kusan kilomita 180 ne a miƙe. S zai yi wajen daƙiƙa 50 a hanya. Idan na'urorin da ke kusa da Kwoi suka gama lissafi suka aiko cikin daƙiƙa 10, muna da ragowar 40. Sai dai motsi irin na 2016 ƙarami ne, ba zai taɓa gini a nan ba. Wanda kuma ke cikin kilomita 35 daga inda dutsen ya tsage, girgizar za ta riga saƙon zuwa, alhali shi ne ya fi kowa buƙata. Birnin Meziko ya ci moriyar tazara: bayan girgizar 1985 suka jera na'urori a gaɓar teku, wajen kilomita 300 daga birnin, suna samun kusan minti guda. Japan ta fara aika wa jama'a gargaɗi a Oktoban 2007.

A nan gida, abin da muke da shi tashoshin sauraro ne. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da tashoshi a wurare kamar Kaduna, Ile-Ife da Nsukka. Suna rubuta abin da ya faru, amma tazarar ɗaruruwan kilomita da ke tsakaninsu ta yi yawa ga gargaɗin daƙiƙoƙi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce mai karatun safiyo. Me ake buƙata a kafa tasha ɗaya, kuma ina taswira ta shigo cikin wannan aiki? Daga wata ɗaliba a Samaru.

AMSA: Malama, wuri ake fara nema kafin na'ura. A haƙa har a taɓa dutse na asali, a zuba dakalin kankare a kansa, a ɗora na'urar, a daidaita ta da arewa, a rufe ramin da abin da zai tare zafi, don bambancin zafin rana da sanyin asuba kan sa layin motsin da na'urar ke rubutawa ya yi ta karkata. Zariya ta yi sa'a a nan, dutse irin na Kufena bai yi nisa da doron ƙasa ba a wurare da yawa. A nisanci titin manyan motoci, janareto, injin niƙa da wurin fasa dutse. Nakiyar masu fasa dutse ta fi komai ruɗa na'ura.

Na'urar tana auna motsi sau 100 a daƙiƙa ta fuska uku, sama da ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa, tana aika shi daƙiƙa-daƙiƙa. Kwamfuta na gwada matsakaicin motsin daƙiƙa ɗaya da na daƙiƙa 30 da suka wuce. Idan ya ninka sau uku ko huɗu, sai ta ce an ji wani abu. Tasha ɗaya ba ta isa shaida ba, tirela ma za ta iya tayar da ita. Tsarin ShakeAlert na Amurka sai tashoshi huɗu sun ji kafin ya yarda, shi ya sa ake son tazarar tashoshi kada ta wuce kilomita 20 inda ake fargaba.

Abin da ke kashe tasha a wajenmu ba ya wuce uku. Wuta: tashar da ke cin wat 10 da batir mai 100Ah, kwana biyu da rabi kawai za ta yi in babu caji, domin rabin batirin ake ci. Ƙurar hunturu kuwa tana lulluɓe sola, ba wanda ya lura sai tasha ta yi shiru, don haka a sa mai gogewa duk mako. Tsawa: da damina ta kebul take bi ta ƙona allon lantarkin na'urar, a kafa sandar tagulla a ƙasa tun ranar gini. Na uku agogo, kuma shi ne mai wuyar ganewa, don tasha na aiki lafiya lau a ido. Lokacin GPS kowace tasha ke bi. In eriyar ta lalace agogo ya zame da daƙiƙa ɗaya tak, lissafin inda girgizar ta taso zai iya kaucewa da kimanin kilomita 6.

Batun taswira, nan fanninki ya shigo. Kwamfuta ta gano inda abin ya taso da ƙarfinsa, saura ta san wa za a gaya wa. Tana buƙatar taswirar irin ƙasa, domin gini a fadamar Kubanni ko Galma zai kaɗu fiye da irinsa a kan dutse, laka mai ruwa tana ƙara wa motsi ƙarfi. Tana buƙatar taswirar gine-gine: ina sorayen ƙasa na cikin Birni, ina benaye, ina makarantu, ina asibitin koyarwa na Shika. Kuma dole duk su hau ma'auni ɗaya, wato tushen da ake lissafa matsayin kowane wuri daga kansa. Tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa ma'aunin duniya na WGS84 yake bi. A haɗa su ba a juya ba, sai gida ya matsa da gomman mitoci, wanda ke bakin fadama ya koma kan tudu a takarda. Muna ganin gara a fara gyara wannan kafin a sayi na'ura ko ɗaya, don taswirar za ta yi amfani ga ambaliya ma, wadda ta fi damun mu kowace shekara. Ki kuma nemi bayanan tashar ABUZ da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaya daga tashoshin GPS na dindindin da ake kira NIGNET, na ofishin Babban Safiyon Tarayya. Irin waɗannan tashoshi suna auna gusawar ƙasa kai tsaye, abin da ke taimakawa a babbar girgiza. A ta Japan ta 2011 gargaɗin ya fita a kan lokaci, amma ƙiyasin farko ya yi ƙasa ƙwarai da maki 9 da girgizar ta kai.

TAMBAYA: In saƙon ya shigo, me mutum zai yi? Kuma ba za a aiko ta tes ba? Daga wani tela a Sabon Gari.

AMSA: Maigida, tes layi yake bi lamba bayan lamba, kafin ya kai mutum dubu ɗari an gama girgizar. Abin da ke aiki shi ne hasumiyar sadarwa ta watsa saƙo ɗaya ga duk wayar da ke ƙarƙashinta lokaci guda, ko jiniya. Tun 2020 Google ke amfani da ma'aunin jijjiga na cikin wayoyin Android a matsayin ƙananan tashoshi, amma a girgizar Turkiyya ta Fabrairun 2023, mai maki 7.8, tsarin ya raina ƙarfinta da farko.

In kana cikin ginin bulo ko bene, kada ka ruga matakala. Durƙusa, shiga ƙarƙashin teburin yankanka, riƙe ƙafarsa, kare kai da wuya. In ɗakin ƙasa ne kuma tsakar gida taku biyu ce ko uku, fita ka tsaya nesa da katanga da wayar lantarki. Mai girki ta kashe gas in hannunta na kusa da shi, direba ya rage gudu ya tsaya a gefe, nesa da gada.