Laurel ɗin da ya dace da ƙaramin lambu a Ingila

Malama, kin yi tambaya kan laurel, itacen ado da ake shinge da shi, kina son wanda ba zai cinye miki fili ba. Ki nemi irin da ake kira Otto Luyken. Tsayinsa wajen mita 1 ne, ganyensa kore shar har cikin hunturu, yana kuma jure inuwa.

Ki dasa a Oktoba. Faɗin ramin ya ninka na tukunyar da ya zo a ciki, zurfi daidai da ita, tazara tsakanin tsirran santimita 60 zuwa 90. Inda ruwa ke kwanciya saiwa ruɓewa take, ganye ya yi rawaya. Ban ruwa a gindi kawai, jiƙa ganye na jawo cutar da ke huda shi. Bayan fure ki rage rassa da almakashi.

Don Allah ki kula da yara, ba irin laurel ɗin da ake girki da ganyensa ba ne, akwai guba a ganyen da ƙwallon.